Da Sunan Fusaina Na Kwanta Asibiti

Wata huɗu ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tambayar ina na shige, da masu yaɗa cewa wai ciki aka cire min, duk ku matso ku karanta. Anti Ladi, ƙanwar mamata, ta ce kar in rubuta, wai tonon asirin gida ne. Zan rubuta.

Kun san ni ba ni da magana. A aji ma in malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Ni dai a bar ni da littafin soyayya a ƙarƙashin tebur.

Ciwon ya fara muna gwajin faretin ranar 'yancin kai. Kullum da safe a fili, hagu dama, hagu dama, ni kuma cibiyata na murɗawa. Na ɗauka yunwa ce. Sai ciwon ya sauka gefen dama, ga zazzaɓi, ga amai. Mma ta sayo maganin maleriya a kemis, bai yi komai ba.

Katin inshorar lafiyata ya mutu tun bara, babu wanda ya lura. Aka ce ko an sabunta yau, sai an jira wata guda kafin ya yi aiki. Sai Anti ta kawo dabarar da rabin layinmu a Moshi Zongo ke yi: ta ba ni katin 'yarta Fusaina. Shekarunmu ɗaya, kuma cikin hijabi wa zai bambance mu a wannan ɗan hoton? A cikin keken yalo-yalo, a hanyar asibiti, tana ta koya min, in aka kira Fusaina in amsa da ƙarfi, kar in yi mata wannan nauyin bakin nawa.

Aka kira, na amsa. Aka ɗauko foldar takardun asibitin Fusaina.

Abin da bai zo wa kowa a rai ba, shekara biyu da suka wuce an yi wa Fusaina aikin afendis, an cire mata ɗan guntun hanjin nan na gefen dama. Yana nan a rubuce.

Likitan namiji ne, layi har waje. Ya ce in hau gado ya duba cikin, na ƙanƙame hijabina na girgiza kai. Ya karanta foldar, ya ce tunda an riga an cire afendis, wataƙila taifod ne. Ya rubuta gwaji da magani. Ina jin sa fa. Na san ba a taɓa cire min komai ba. Na kalli Anti, ta zare min ido, na sunkuyar da kai.

Ba laifinsa ba ne. Fusaina ya duba, kuma ba ita ce a gabansa ba.

Bayan kwana biyu ciwon ya lafa na rabin yini, Mma har ta yi hamdala. Ashe afendis ɗina ne ya fashe. Cikina ya yi tauri kamar katako, ko tari ba na iya yi. Aka mai da ni asibiti, aka ba ni gado, aka sa min ruwa.

Da safe wata likita mace ta zo zagaye. Ta ja labule, ta ɗaga rigata, ta daɗe tana kallo.

“Fusaina, ina ɗinkin aikin da aka yi miki?”

Anti ta yi wuf ta ce ai mu a danginmu fatarmu ba ta riƙe tabo. Wallahi haka ta ce.

Na san in na yi magana katin ya tashi aiki, komai zai faɗo kan Baba, shi da ɗan shagon waldarsa a Nyohini. Na san za a ce na kunyata Anti. Duk da haka na buɗe baki.

“Sunana Rahinatu. Ba a taɓa yi min aiki ba.”

Likitar ba ta yi min faɗa ba. Ta ce wa nas a shirya tiyata yanzu, sannan ta juya wurin Anti.

“Hajiya, da ta ƙara kwana ɗaya da sunan 'yarki, nata sunan sai a wurin addu'ar bakwai za a kira shi.”

Kwana goma sha biyu na yi, da roba a gefen cikina tana fitar da ruwa. Allura, ƙarin ruwa, sikanin, har audugar wanke ciwo, komai sai an biya a taga kafin a taɓa ni. Baba ya sayar da injin waldarsa ɗaya. Kuɗin sabunta katina kuwa bai kai na kwano biyu na wake da shinkafa ba. Duk lokacin da na tuna wannan, haushi nake ji, ba kuka ba.

Kullum a rediyo ana cewa jinya ta yi tsada, ina za a dosa nan gaba. Ni yarinya ce, amma na ga inda kuɗin ya tafi. A makaranta ana duba mana farce da safa kowace Litinin, me zai hana a duba katinmu farkon zango? Kuma a sa nas mace a ɗakin likita, saboda irina masu ƙanƙame hijabi. Wannan bai kai tsadar tiyata ɗaya ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar da ta yarda da idonta fiye da takarda, da nas ɗin da take ce min amarya in na ƙi shan koko. Baba bai taɓa min zancen injin ba, kullum tambayarsa ɗaya, na ci abinci?

Ku ɗauko katinku yau ku duba ranar mutuwarsa, ta waya ma ana sabuntawa. Ciwon cikin da ya sauka gefen dama ba na kemis ba ne. In kunya ta hana ki a duba ki, ki nemi mace, amma a duba. Kuma kar ki kwanta da foldar wani, ko wa ya ba ki.

An riƙe katin Fusaina, Anti kuma har yau ba ta amsa gaisuwata. Tana jira in ba ta haƙuri. Gaisuwa zan ci gaba da yi mata kowace safiya. Haƙurin ne ba zan bayar ba.