Kunnen Farin Jaki

Tsufa ya share mani abubuwa da yawa daga kai, amma maganar kunnen farin jaki ba zan taɓa mantawa da ita ba. Abin ya faru 'yan shekaru kafin Nasara su iso ƙasarmu. Ina saurayi a Madarunfa, ban mallaki komai ba sai 'yar fadama a bakin tafki da mahaifina ya bar mani, da kai cike da labarai. Ranar kasuwa sai in tsuguna gaban masu ba da labari, in sha hirar samarin da suka tafi nesa suka dawo bisa farar dabba, budurwa na jiransu a bakin gari. Na ɗauka haka duniya take.

Budurwar kuwa akwai ta. Ɗiyar wani masunci ce, tana sayar da soyayyen kifi a gindin tsamiya, murmushinta kamar hantsi bisa ruwan tafki. Ban taɓa furta mata komai ba, sai dai in sayi kifin da ba na marmari. Taubashina, ɗan gwaggona, shi baki gare shi. Yana zuwa zai ce mata kifinta ya fi ta ƙiba, ta jefe shi da ƙaya, su yi ta dariya, ni ina gefe zuciyata na tafasa.

Bayan girbi wani madugu ya shirya kai kanwa ƙasar Nufe, mu biyun muka ce za mu bi. Ba mu da dabba, sai muka je Gabi wurin wani dattijo mai ba da hayar jakuna. Ya zaunar da mu ya ce hayarsa iri biyu ce. Ta farko mai sauƙi, amma in jaki ya mutu a hanya kai za ka biya shi. Ta biyu sai ka ƙara wuri dubu biyu, kuɗin kunne. In ka biya, jaki ya faɗi, ka yanko kunnensa na dama inda ya yi tsagarsa, ka kawo, ba ya binka komai. Ya ƙara da cewa kudu akwai tsando, ƙudan da in ya ciji jakin arewa ba ya kai labari.

Taubashina ya zaɓi wani guntun jaki mai kama da toka, ya biya kuɗin kunne. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani dogon farin jaki na Azbin. Hayarsa ta cinye duk abin da ke jakata, kuɗin kunne babu. Dattijon ya ce to me zan ajiye, na ce fadamata. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka ji abin da bakinka ya faɗa?" Na ce na ji. Ni dai a raina ina hango ranar dawowa ce, ina bisa fari, taubashi na bisa toka.

Ana jibi za mu tashi na ga abin da ya ƙona ni. Na ɓullo ta bayan tsamiya, sai ga ɗiyar masuncin ta jawo taubashina gefe, ta kwance wani ƙulli daga bakin zanenta ta damƙa mashi, tana magana ƙasa-ƙasa tana waige. Shi kuma yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Washegari ya ɓace tun safe, aka ce ya koma Gabi. Ban tambaye shi ba. Ranar tafiya yarinyar ta zo rakiya, ta ce mani Allah ya kiyaye hanya, na amsa ina duban kunnuwan jakina.

Kwana arba'in muna tafe ban yi mashi maganar kirki ba. In yana gaban ayari, ina baya. In ya miƙo mani ƙwaryar fura, in ce na ƙoshi. Duk inda na ga ya yi shiru yana murmushi sai in ce ita yake tunawa. Sau biyu ya tsokane ni, "Angon farin jaki, in amaryarka ta faɗi ka yanko kunne." Na ɗauka gori yake mani don ya san ban biya ba. Na biyun har na ce mashi ya kula da tokarsa, kowa ya riƙe abin da aka ƙulla mashi. Ya buɗe baki zai yi magana, na juya mashi baya.

Mun sayar da kanwa lafiya, mun juyo, farin ya fara ramewa. Idonsa na ruwa, gashinsa ya tashi. Wata rana da azahar, ayari ya yi mana nisa, ya durƙusa a gefen wani rafi bai sake tashi ba. Na zauna na yi kukan fadamata. Wuƙa na ɗaure a damtsena, amma me zan yi da kunnen da ban biya ba? Na ɗora kayana a kai, na bi sawu, na cim masu da la'asar sakaliya.

Taubashina na hango ni ya taso da gudu. Bai tambayi jakin ba, cewa ya yi, "Ina kunnen?"

Na ce ya bar ni da abin da ya dame ni.

Ya kama kafaɗata ya girgiza ni. Ya ce ƙullin nan da na gani wuri dubu biyu ne, ribar kifinta ta wata da watanni. Ta ji na jinginar da fadama, ta aike shi Gabi ya biya mani kuɗin kunne, ta kuma sa shi ya rantse ba zai faɗa ba sai mun dawo, don ta san girman kaina, kuma tana jin kunya.

Da asuba muka koma rafin. Kuraye sun riga mu. Muka tarar da kofato uku da igiya, da ungulaye na tsalle. Na yi ta tona ciyawa kamar mahaukaci har rana ta take.

Dattijon Gabi bai zalunce ni ba. Taubashina ya yi shaida, madugu ya sa baki, dattijon ya ce ya yarda da mu, amma in ya karɓi baki a madadin kunne yau, gobe kowa zai sayar da jakinsa a Nufe ya zo da baki. Fadama ta tafi.

Na je gindin tsamiya da ƙafa, ba fari ba toka. Ta juya kifinta a kasko, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kunne ɗaya na saya maka. Ka tafi da naka biyu, ko ɗaya bai yi aiki ba."

Damina biyu ina ƙodago a gonakin Safo ina neman abin fansar fadama. Kafin in haɗa, taubashina ya kai gaisuwa gidansu, aka ba shi. Abin da na zarge su da shi babu shi a lokacin, ni na share mashi hanya da hannuna. Har yau in jikokinsu suka zo gaishe ni, ina sa masu albarka.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mani sallamar tafiya ƙasar wasu, abu biyu nake gaya mashi. Ya biya kuɗin kunne ko da zai hau gurgun jaki. In kuma ya ga an damƙa wa ɗan'uwansa ƙulli, ya buɗe baki ya tambayi abin da ke ciki.