Wayar da ba ta san rawani ba

Ku sabbin shiga, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar rabon wayoyi a Belbeji. Shekara goma sha bakwai ina planto a ma'aikatar kiwo ta Tanut, wato ɗan aike. Ni ne shara, ni ne kai takarda, ni ne shan faɗa. Karatuna a CM1, aji biyar na firamare, ya tsaya, amma duk wayar da ta rikice a ofis hannuna take zuwa.

Bayan wata damina, wani furoje, wato shirin tallafi, ya ce a saya wa shugabannin makiyaya goma wayoyi, in cuta ta faɗa wa garke su ɗauki hoto su turo. Sabon shef ɗinmu, wato shugaban ofis, Mushe Sani (mushe malam ke nan da Faransanci), ya tafi da ni Damagaram don ɗaukar kwali. A shago na nuna masa wata mai kauri, batirinta na kwana uku, da maɓallai uku a ƙasan gilashi, waɗanda ko tsohuwa za ta gane. Shi kuwa idonsa na kan wata siririya mai kamara huɗu, ba maɓalli sai shafa, kuma da fuska take buɗewa: ka kalle ta, ta gane ka. A gaban mai shago ya ce ba shawara aka kawo ni ba, kuma da an gama rabon nan zai sa mai diploma a gurbina. Siririyar aka saya, na ɗauki kwali muka juyo.

Ni aka bar wa saitinsu. Kowa sai in shiga ɗaki da shi, waya ta ɗauki fuskarsa. Da na zo kan Agali, Ba'abzinen da ke wakiltar makiyayan Tarka, sai da na rufe ƙofa, na miƙa masa wayar, na juya baya, sannan ya sauke rawani daga bakinsa. Nan na hango abin da ke tafe. Na sa lambar ko-ta-kwana na riƙe a kaina. Shef ban ce masa uffan ba.

Ranar rabo purefe ya zo, shugaban gundumar ke nan, ga hakimai, ga mutanen furoje. Shef ya zuba jawabi da Faransanci, ya kira Agali ya nuna wa jama'a sauƙin abin. Agali ya ɗaga waya, ido kaɗai a waje. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Shef ya raɗa masa ya ɗan ja rawanin ƙasa. To surukin Agali na zaune a layin gaba, su kuwa a al'adarsu namiji ba ya buɗe baki a gaban suruki.

Agali ya ce a hankali, "Ɗana, in wayarka sai ta ga bakina, maida ta inda ka sayo."

Ya ajiye ta kan tebur. Masu rawani biyar suka miƙe da nasu.

Shef ya waiwayo, gumi har wuyan riga. Sunan da bai taɓa kira na da shi ba na ji: "Baba Idi, don Allah."

Na ce, "Shef, ni da CM1?"

Sai da na ga purefe ya duba agogo sau biyu na taso ina jan takalmi. Na danna lamba, na kashe ganin fuska, na fito da irin maɓallan nan uku, waɗanda ita ma tana da su a ɓoye cikin saiti. Na ce wa Agali ya zana shaidar da yake yi wa raƙumansa ta zama mabuɗi. Ya zana, waya ta buɗe, ya ɗauki purefe hoto babu rabin kai. Aka ɗauki tafi, shef na sunkuyawa yana karɓa.

Ba a kore ni ba, ba a kuma gode mini ba. A rahoto aka rubuta cewa shef ya daidaita kayan aiki da al'adar jama'a.

In za ku zaɓar wa mutum waya, ku kalli mutumin kafin ku kalli kwali: hannunsa, fuskarsa, da wanda zai zauna a gabansa. Manyan ofis kuwa, kuskurensu ba a gyara shi a ɓoye. Ka bari sai purefe ya zauna.