Ranar da Hula Ta Fi Ni Sanin Rimot

Duk iya tsawon rayuwata ba na jin zan manta da wata ranar Arfa da na yi a Ɓaɓura, a falon surukina, rimot a hannuna, gumi na bin bayana.

A lokacin ina aikin kwamfuta a wani ofis a Kazaure, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Duk abin da ke da waya ko madanni, gani nake da ni aka ƙera shi. Surukin nawa ɗan kasuwar hatsi ne, dattijo mai ƙarancin magana. A shekarar matarsa, wato surukata, ta tafi aikin Hajji, shi kuma ciwon ƙafa ya hana shi raka ta. Sai ya sayi babbar talabijin da dikoda da sifika, don ya kalli tsayuwar Arfa kai tsaye, ko zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

Da na je gaishe shi, na tarar da shi da rimot uku a kan tabarma yana ta juya su. Maimakon in gaishe shi in kama bakina, sai na ce, "Baba, ai wannan wahala ce. Akwai rimot guda ɗaya mai yin aikin duka, ni zan haɗa maka."

Ya ce, "To, Malam, in ba zai ba ka wuya ba."

Na sayo shi a Kazaure, na shigar da lambar kowace na'ura, na ɗaure su duka ukun a kan jan madanni ɗaya. Na danna, suka kunnu tare. Na sake dannawa, suka mutu tare. Na kafe talabijin can sama a bango, na kulle dikoda a durowa mai ƙofar gilashi don kada a taɓa mini saiti. Tsofaffin rimot da makullin kuwa na zuba su a jaka na tafi da su gida, wai don kada su rikita tsoho. Yanzu in na tuna, dariyar kaina nake yi.

Ranar Arfa da hantsi falo ya cika da dattawan unguwa, kowa da azuminsa. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Surukina ya miƙo mini rimot ya ce, "Bisimilla, Malam." Na miƙe har da gyara wuyan riga, na danna. Talabijin ta kawo, sifika ta kawo, amma allo baƙi ƙirin. Na sake dannawa. Fitilar dikoda ta yi kore, talabijin ta mutu. Na danna, ta dawo, dikoda ta mutu. Haka muka yi ta yi kamar masu wasan ɓuya.

Abin da ban sani ba shi ne, dikodar nan da zarar wuta ta dawo kunna kanta take yi, sauran biyun kuwa jira suke. Jan madannin nan bai san kunnawa ba, bai san kashewa ba, juya abu kawai yake yi daga yadda ya same shi. Tunda ɗaya ta riga ta farka, ko kwana zan yi ina dannawa ba za su haɗu ba.

Wani dattijo ya ce, "An fa fara huɗuba, ga shi ana ji a rediyon maƙwabta." Wani ya ce a kawo tsofaffin rimot. Na ce, da murya can ƙasa, suna Kazaure. Makullin durowar fa? Shi ma yana Kazaure. Surukina ya dai kafe baƙin allon da ido yana jan carbi. Wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

A gefen ƙofa akwai wani tsohon makiyayi, abokin surukina, wanda ko wayar hannu ba ya riƙewa. Tun ɗazu yake kallona. Ya ce, "Yaro, duka ukun suna jin kiran nan naka ne?" Na ce e, Baffa. Ya ce, "To ai ni in ina son saniya ɗaya ta tashi, ware ta nake yi. Kare wa ta cikin gilashin ido mana." Ya taso ya cire hularsa, ya manna ta a gilashin daidai fitilar dikoda, wadda a lokacin take kore, ya ce in danna. Na danna. Talabijin da sifika suka kawo, dikoda na nan a kunne, sai ga dutsen Arfa fari fat da mutane, talbiyya ta cika falon.

Surukina ya matsa gaba ya daɗe yana duban taron, sannan ya ce a hankali, "Tana cikin nan." Na ga ya goge ido da gefen rawani. A nan ne kunya ta gama rufe ni, don saura kaɗan iyayina ya hana bawan Allah abin da ya yi wata guda yana jira.

Bayan Sallah na zauna na bincika, na gano ashe akwai lamba ta kunnawa zalla da ta kashewa zalla, wadda in ta ce kunna, abin da ke kunne ba ya mutuwa. Na koma na gyara, madanni biyu daban. Surukina ya gwada, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Amma ka bar mana tsofaffin da makullin a nan."

Tun daga ranar na koyi cewa kafin in ba abu umarni, sai na duba halin da yake ciki, kuma ba na sake raba mutum da abin da ya iya don kawai in nuna nawa sanin. Har yau in na shiga Ɓaɓura muka haɗu da tsohon makiyayin nan, kafin in gama durƙusawa sai ya taɓa hularsa ya ce, "Injiniya, ko a kawo?"