Barakatu Safa-da-Marwa

A Sarandosa in ka ce Barakatu, sai a tambaye ka wacce. Amma kana cewa Safa-da-Marwa, kowa zai nuna maka gidan. Ba don yabo aka laƙa mata sunan ba. Haka ake faɗa wa wanda ya kasa zama wuri ɗaya, ya je ya dawo, ya sake komawa, hankalinsa a tashe.

Tun garin yana cikin Jihar Sakkwato ne mijinta Muntari ya faɗo daga saman motar albasa, cinyarsa ta karye. Aka kwashe shi sai Aliero, wurin masu ɗori. Ga shi kwance can, ga gero ya isa girbi a gida, ga yara ƙanana. Barakatu ta ci ɗamara. Ta kai masa fura Aliero, ta dawo ta tsaya kan masu girbi, ranar kasuwa kuma ta bi motar Jega da ƙullin kuka da daddawa. Matan unguwa suka riƙa leƙenta ta kan danga suna ƙus-ƙus.

Wata rana Garba, wan mijinta, ya tare ta a tashar Maiyama, mutane na kallo.

"Ke Barakatu, wagga safa da marwa ta ishe mu! Kin maishe mu abin hwaɗi. Koma gida ki zamna."

"In na zamna, Yaya, kai ka kai mishi hura?"

"Ba tambaya nika so ba."

Ta sauke kwandonta ƙasa. "To ni ina da wata. Wa ya hwara safa da marwa? Ba Nana Hajara ba? Anka bar ta da jinjiri, ba ruwa. Ta hau dutsin Safa ta duba, ta sheƙa ta hau na Marwa, ta komo. Ba ta zamna jiran wan miji ba. Yau har sarakuna na tahiya Makka su yi irin gudunta. Ku kira ni da sunan, ni amsa!"

Ta ɗauki kayanta ta shiga mota. Sai da suka yi nisa ta share hawaye.

Muntari ya tashi, amma da sanda, noma kuma ya gagare shi. Ita kuwa ta riga ta san hanya da mutanenta, sai ta koma sarin albasa a Aliero tana kaiwa Jega. Da wannan ta ciyar da gidan har yaran suka kawo ƙarfi.

Garba bai sake cin tuwon gidanta ba har ya rasu, ita ma ba ta taɓa aika masa ban-haƙuri ba. Ranar rasuwar ta je ta zauna cikin mata, ta yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Ana shafa fatiha ta nemi takalmanta, don ranar kasuwar Jega ce.