Wa Ƙararrawa Za Ta Fara Kira

Tun Zuhura na ƙarama ba a raba ta da tafiyar zuci. A shagon mahaifinta da ke unguwar Sersouf, inda ya shekara talatin yana sayar da ganyen shayi da atamfa tun barowarsa Damagaram, sai ka same ta bisa buhu ta zuba wa duwatsu ido, ana ta kwaɗa mata kira ba ta ji. Uwarta kan ce gangar jikinta kaɗai ke gidan. To wannan mai mafarkin ido biyu ita ce ta gama lekkol, wato makarantar boko, ta karanci ilimin na'ura, har wata ƙungiyar masu lambu ta ƙauyen Outoul ta ɗauke ta aiki.

Aikin gadi ne, amma gadin zaune. Ƙungiyar na da sarba huɗu, wato manyan na'urorin da ke buɗe famfunan ban ruwa su rufe su a kan lokaci. Zuhura ta tsara yadda duk minti biyar za a tambayi kowace ɗaya: kina nan? Zafinki nawa? Batir fa? Ruwa na gudu? In amsa ta zo daidai, sai ɗigo kore ya haska a allon buronta, wato ofishinta. Wallahi tana son ɗigogin nan. Da hantsi takan riƙe kofin shayi tana kallonsu suna ƙyaftawa, zuciyarta ta sulale can cikin lambuna, ta ji ruwa na bin 'yan hanyoyinsa ƙarƙashin dabino, ƙanshin na'a-na'a da jiƙaƙƙiyar ƙasa na tasowa, alhali tana tsakiyar gari shayinta ya huce.

Na'ura ba ta ba ta wahala ba, mutane ne suka ba ta. Rukuni uku ne: masu famfo, masu wutar rana, da masu layin intanet. Da farko in ɗigo ya yi ja, ƙararrawa na tafiya wayar kowa, sai kowa ya ɗauka ai wani ya tafi, a ƙarshe ba wanda ya ɗaga ƙafa. Sai ta raba musu: kowane rukuni da matsalarsa, kuma saƙo ya fara zuwa ga mutum ɗaya, in bai amsa ba ya wuce ga na ƙasansa.

A nan ne tarbiyya ta kayar da ita. Ta jera sunaye bisa shekaru. A rukunin famfo Baba Issa ne a sama, aminin mahaifinta, wanda ya yanka ragon sunanta, wanda rabin rijiyoyin Outoul da hannunsa aka haƙa su. Kowa ta ba shi minti goma ya amsa. Da ta zo kan Baba Issa sai yatsunta suka ƙi. A ce wa dattijo minti goma, kamar ana korar ɗan aike? Ta rubuta awa uku. Kai, Zuhura!

Wata Juma'a cikin watan Yuni, ranar hutu, famfon gefen Gwamma ya tsaya tun da safe. Gwamma mijinta ya rasu ya bar mata fili ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma a makon nan ta dasa tumatir. Saƙo ya tafi wayar Baba Issa ya yi zamansa awa uku cur. Ya wuce ga na biyu da na uku, su kuma sun kashe waya suna masallaci. Kafin ya kai ga Yunus, ƙaramin cikinsu mai moto, wato babur, rana ta gama aikinta. Ranar Lahadi Gwamma ta shigo buro, ba faɗa ba kuka, ta ajiye busasshen dashe ɗaya a kan teburin Zuhura, ta juya.

Gyaran bai fi aikin minti biyu ba, amma Zuhura ta kwana uku ta kasa. Duk mazan ƙungiya na ganin jerin nan. Ta sauke Baba Issa a gaban mutanen da ya koya wa riƙon shebur? Ta bar shi kuma wani lambun ya ƙone? Abinci ma ya daina shigar mata.

Ta shiga mota ta sami Baba Issa a inuwar dabino yana ɗaure tiyo da roba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi zafi, ta koma ta sake tambayar gida.

"Ɗiyata, bar kewaye-kewaye," in ji shi. "Maganar Gwamma ce."

Ya zaro wayar daga aljihu yana juya ta. "Na ji kukanta ranar nan. Na kawo ta har bakin hancina, ban ga komi ba sai fari. Shekara guda ke nan idanuna ba su kama rubutu. Na ji kunyar in miƙa wa wani ya karanta mani, sai na mayar da ita aljihu na ce Allah Ya sa ba wani abu ba ne."

Hawaye suka zubo mata. Tausayinsa ya kama ta, da haushin kanta.

"Baba, zan iya mayar da naka ya zama kira da murya. Ba sai ka karanta ba."

"Ki yi. Amma Yunus za ki sa a sama, ya fi ni ƙafa. Ni ki kai ni ƙarshen kowa." Ya kalli ruwan da ke wucewa gefen takalminsa. "Kar dai ki goge ni, Zuhura. In ƙararrawa ta iso kaina na san ba wanda ya tafi, sai in ɗauki sandata."

Washegari ta jawo sunansa a hankali, layi bayan layi, har ya sauka ƙasan kowa. Ta daɗe tana kallonsa shi kaɗai a can. Sai na'ura ta tambaye ta: in wannan bai amsa ba, wa za a kira? Ta share ido da bakin gyale, ta rubuta nata sunan a ƙarƙashin nasa.