Abin da Nake Wankewa da Ogogoro

Ni ce matar da aka gani tana sayen ogogoro, farar barasar nan, a kasuwar bakin bariki da tsakar rana. Ba sharri aka yi mini ba. Na saya, na jefa kwalbar a jakar da nake zuwa coci da ita, na tari keke na koma gida. Dalilin ne ba a sani ba, kuma yanzu da mai sirrin ya riga ya fasa abinsa da bakinsa, zan faɗa yadda aka yi.

Mijina dattijon coci ne a lokacin. Malam nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa tun yana akawu a sakatariya. Daga kudancin Borno iyayenmu suka zo, amma a Maiduguri muka yi aure, muka tsufa a gidan haya ta wajen Abbaganaram. Tun kafin in san shi yake shan taba, kuma ban da ni da bangon bayan gida babu wanda ya sani, domin a cocinmu dattijo ba ya shan taba. Sai ya zagaya ya sha, ya tauna kanumfari, ya wanke hannu da sabulu, ya je ya tsaya gaban jama'a yana jan waƙa da wata murya mai kauri da kake ji har cikin cikinka. Don muryar nan na aure shi, ba don albashin akawu ba.

Taba ta cinye ta. Da farko baiti ne ba ya iya kaiwa ƙarshe, daga baya layi ɗaya ma sai tari ya tsinke shi. Ya daina jan waƙa, ya ce wa mutane sanyi ne ya kama shi. Sanyi, a Maiduguri, a tsakiyar bazara! Ranar da na ga jini a hankicinsa na tasa shi gaba sai asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya ce, "Baba, ko ka bar ta, ko ta gama da kai." Ya bar ta sau ba iyaka. Kowane karo sai a ɗan kwana biyu in ji warin a wuyan rigarsa.

'Yarmu da ke aure a Kano ce ta aiko masa da sigarin lantarki, irin wanda ake caji ana zuba masa ruwansa. Likita bai yi murna ba, ya ce wannan ma ba magani ba ne, a riƙa rage ƙarfin ruwan har a rabu da shi. Na yarda da shi. Amma abin da idona ya gani shi ne Malam ya daina zagayawa bayan gida, tarin kuma ya fara lafawa.

Matsalar duk tana jikin wani ɗan ƙarfe da bai kai kan ɗan yatsa ba, wanda ake ce wa koyil. Waya ce a naɗe a ciki da auduga, ita ke zafi ta mai da ruwan tururi. Ba ya jimawa sai ya yi baƙi, abin ya koma ɗanɗanon ƙonannen tsumma. Na zaga rumfunan masu kayan waya a kasuwar Kwastam har ƙafata ta kumbura, kowa sai ya miƙo mini sigarin yarwa masu ƙamshin alawa da samari ke yayi. Irin namu sai daga Kano, ta hannun direba, hanya kuma ba kullum take da lafiya ba. A irin wannan jiran ne wata rana na ɗauki rigarsa zan jiƙa, na ji warin nan ya dawo. Na tsaya a bakin baho cikin fushi. Na ce aradu ba a gidan nan ba.

Ta waya 'yata ta koya mini wankin. A warware koyil ɗin, a ɗauraye, a jiƙa a ruwan zafi. Ba ruwan burtsatsenmu ba, mai barin farin gishiri a gindin buta. Ruwan leda nake tafasawa. Dattin zai fito ruwan ya koma kamar shayi. Sai a shanya a rana a ƙarƙashin rariya har ya bushe ƙayau, don in da sauran laima a audugar aikin banza aka yi. Wata rana hadari ya haɗu, maƙwabciyata Hajja ta ga ina neman inda zan shanya, ta ce in kawo ta busar mini. Ashe kan kaskon turaren wuta ta ɗora, yadda take turara lafayarta. Malam ya ja sau ɗaya ya shaƙe, ya ce yau kuma ɗakin amarya aka ba shi ya sha? Da na ba Hajja labarin abin da ya ce, ta yi dariya har da hawaye, kuma ko sau ɗaya ba ta tambaye ni na mene ne ba.

Shi ma na kafa masa doka. Sai na ɗiga ruwan a kan audugar ta jiƙa kafin ya taɓa. Kada ya bar tankin ya ƙafe, kada ya ƙara wuta, kada ya riƙa ja kamar mai zuƙo fetur da tiyo. Da haka, koyil ɗin da ya isa yarwa, sai ya sake wani zango, wani lokaci har biyu. Sai dai akwai wani baƙin danƙo da ke maƙalewa a wayar, ruwan zafi ba ya cire shi. 'Yata ta ce sai farar barasa, a jiƙa a ciki sannan a ɗauraye sosai. Sifirit na kyamis guba ne, ba a kai shi kusa da abin da zai shiga baki. To ina ake samun farar barasa a garin nan in ba bakin bariki ba?

Wadda ta gan ni ban san me ya kai ta can ba, ban kuma tambaya ba. Bayan taron zumuntar matan coci, shugabarmu ta ce in dakata. Mama Shugaba mace ce da muka yi girkin bukukuwa tare tun muna goyo. Ta zaunar da ni gaban 'yan kwamiti.

"Malama, an gan ki a bariki."

"An gan ni, Mama."

"Sha kike yi ko sayarwa?"

"Ko ɗaya. Wanki nake yi da ita."

"Wankin me?"

"Abin gidana."

Magana ɗaya da na faɗa da na fita. Amma sirrin ba nawa ba ne, kuma na san mijina: in kunya ta rufe shi, bayan gida zai nufa da karan taba. Mama Shugaba ta sassauta murya ta ce, "To ki yi alkawari a gaban Allah ba za ki sake taka wurin ba, magana ta mutu a nan."

Na ce, "Ba zan yi ba, Mama, domin zan koma."

Aka sa ni a horo. Ba jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci, ba ɗaura zanen zumunta, zama kuma sai bencin baya, can bakin ƙofa. Suka ce in kawo zanen. Na ce hana ni ɗaurawa a coci ikonsu ne, amma akwatina ba na kwamiti ba ne.

Abin takaicin, a majalisar dattawa ake tabbatar da horo, Malam kuwa yana zaune a ciki. Ya dawo ya kasa cin tuwo. Ya ce, "Ki daina haka nan. Zan bar abin gaba ɗaya."

Nan na sauke masa abin da ke raina. "Ka bar shi ka koma me? Kana zaune aka yanke mini hukunci ka yi shiru, ban ce maka uffan ba. Amma kada ka kuskura ka ce in daina. Bencin baya zan iya zama a kai, Malam. Zaman makokinka ne ba zan iya ba."

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Matan da muka yi wankan jego tare sai su wuce ni suna gyaran ɗankwali kamar ba su gan ni ba. A zo rabon gurasa, faranti ya tsaya a bencin gabana ya juya. Na sha kuka a ɗakin girki. Ina kukan ina juya koyil a cikin kofi, kwalba ta ƙare kuma na sake tarar keke zuwa bariki.

Tun shekarun tashin hankali ba a shiga cocinmu sai mai gadi ya shafa maka na'urar bincike a ƙofa. Wani tsohon ɗan sanda ne a cikinmu yake aikin. Saboda haka Malam bai taɓa fita da sigarin ranar Lahadi ba, a ƙarƙashin matashi yake barinsa. Wata Lahadi muna cikin layi, Mama Shugaba na bayanmu kaɗan, na'urar ta kai ƙirjin Malam sai ta ɗauki kuka.

"Baba dattijo, makulli ne?" in ji mai gadi.

Malam ya sa hannu a aljihu ya zaro shi, ya ɗaga sama yadda na ƙarshen layi zai gani.

"Sigari ne, na lantarki. Nawa ne. Kafin shi taba nake sha, tun kafin ku zaɓe ni dattijo. Giyar da matata ta saya, wannan take wanke mini da ita don kada in koma."

Mai gadi ya dubi sigarin, ya dubi na'urarsa, ya rasa wanne ne aikinsa. Daga ƙarshe ya ce, "To, Baba, a wuce."

Kujerun dattawa suna can gaba kusa da bagade. Malam bai je ba. Yana shiga ƙofa ya zauna a bencin baya kusa da ni. Sai na ce, "Matsa, ka danne mini mayafi." Ya matsa.

Ba a daɗe ba aka sauke shi daga dattijanci, ni kuma har yau ban yi alkawarin nan ba, ba kuma zan yi ba sai ranar da ya ajiye sigarin don kansa. Amma a waccan Lahadin, da aka tashi waƙar buɗe sujada, sai na ji ya gyara murya a gefena. Ya ɗauka a hankali, ni kuwa na ƙura wa ƙirjinsa ido ina jiran tarin. Baiti ya wuce, wani ya biyo, muryar tana ƙara buɗewa, na gaba suka fara waiwaye don jin daga ina take fitowa. Ya kai ƙarshen waƙar, har amin ɗin da ake ja, bai yi tari ba. Ni ce na kasa rera ko layi ɗaya.