Katakon Tsaga Citta Daga Kafanchan Zuwa Kwoi

Ku bar ni in faɗa muku tun daga tasha!

Kafanchan, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Mu uku muka shiga a-kori-kura, sule shida kowa. Ni, da Kawu Istifanus yayan babana, akawu ne shi, ya kama gidan gaba. Sai Malam Kofi, kafinta ɗan Ghana, muna baya tare a kan buhunan gishiri. A cinyata akwai katakon da ni da Malam Kofi muka yi sati uku muna gyarawa. A ƙasarsu ayaba suke yankawa da shi. Ni na ce a yi masa kwari, a kafa wuƙa a tsakiya, a tura citta da ɗan itace, hannu bai kusanci kaifi ba.

Duk ɗan ƙabilarmu ta Jaba ya san yadda mata ke tsaga citta, wuƙa a dama, citta a tafin hagu. Mama ta yanke hannu wancan sati, ya kumbura, ga citta jibge ba a shanya ba.

Kagoma, bakwai saura kwata

Taya ta yi faci. Muka sayi ƙosai da kunu, na roƙi citta guda biyar a wurin mai ƙosan, na gwada. Fat, fat, fat! Mutane suka taru. Kawu ya ɗaga katakon sama.

"Kun gani? Ƙwaƙwalwar ɗan Najeriya ke nan! Duk Afirka wa ya kai mu?"

Na ce, "Kawu, aikin Malam Kofi ne, daga Ghana."

Ya sake shi ƙasa kamar ya ɗauki garwashi.

"Ghana? Waɗanda ko sabulu babu a ƙasarsu, suka zo mu ciyar da su? Su za su koya wa Jaba citta?"

Direba ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Oga akawu, wannan motar da ka kama gidan gabanta fa 'yar Faransa ce."

"A Kaduna aka haɗa ta!"

Aka yi dariya. Malam Kofi bai yi ba. Ya ɗauki katakon, ya share ƙasar da rigarsa, ya ce da Hausarsa ta koyo, "Baba, wuƙa ba ya tambaya ƙasa kafin ya yanka."

Kwoi, takwas da kwata

A ƙofar gida Kawu ya tsaya ya tare hanya. "Muddin ina raye, kayan baƙi ba zai shiga gidan ubana ba."

Na ce, "Kawu, dubi hannun Mama!"

"Uwata da wuƙa ta tsaga har ta mutu."

"Da yatsa tara aka binne ta!"

Ya ɗaga hannu zai mare ni. Sai ga Mama ta fito, hannu naɗe da tsumma. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ba baƙo ruwa, sannan ta karɓi katakon ta ɗora a ka.

"Yaya, gidan naka ne, ba zai shiga ba. Amma dutsen da muke shanya na Allah ne."

Can muka bi ta. Da hannu ɗaya ta tsaga kwando huɗu kafin azahar, mata bakwai na layi a bayanta, har da matar Kawu.

Na gode wa Ubangiji da ya kawo mu lafiya, na gode wa Malam Kofi da ya haɗiye zagi saboda hannun uwar wani. Har yau katakon a kogon dutse yake kwana. Ku fa, akwai abin da aka taɓa hana shi shiga gidanku don kawai ba a nan aka haife shi ba? Ku rubuto mu ji.